Tambayoyi da amsoshi kan ƙungiyar matan Alpha Kappa Alpha da reshenta na Washinton

Tun da yaranmu suka fara shiga jami'o'in Amurka da yawa tambayoyin nan suke ta dawowa, yau uwa ce ta bugo waya daga Kano hankali a tashe wai 'yarta ta turo hoto da wasu 'yan mata cikin kaya iri ɗaya suna wata alama da hannu, gobe ƙanwa ce ke tambaya ko ta shiga irin wannan ƙungiyar mata da ake kira sororiti ko kar ta shiga. Ni ba memba ba ce, amma na daɗe a kusa da Washinton, na yi maƙwabtaka da su, na je aikinsu da ƙafata. Shine na ce bari in tattara abin da aka fi tambaya wuri guda.

Wai menene sororiti ɗin nan da ake ta faɗa?

Ƙungiyar mata ce da ake shiga tun ana jami'a ko bayan an gama, kuma in kin shiga kin shiga kenan har ƙarshen rayuwa. Kalmar daga Latin ta fito, soror ma'anarta 'yar uwa, kuma haka suke kiran junansu, Soror wance. Sunayensu haruffan Girkanci ne guda biyu ko uku, shi ya sa za ki ji Alpha Kappa Alpha, Delta Sigma Theta da sauransu. Maza ma suna da nasu daban.

Amma fa iri biyu ne kuma mutane na haɗa su. Akwai na fararen fata wanda yawanci harkarsu ta zaman jami'a ce, gida ɗaya, liyafa, in an gama karatu abin ya yi sanyi. Akwai kuma na baƙaƙen Amurka guda tara, biyar na maza huɗu na mata, da suka haɗu ƙarƙashin inuwa ɗaya wadda aka kafa a jami'ar Howard ta baƙaƙen fata da ke Washinton a 1930. Na matan su ne Alpha Kappa Alpha ta 1908, Delta Sigma Theta ta 1913, Zeta Phi Beta ta 1920 da Sigma Gamma Rho ta 1922. Waɗannan nauyinsu ma bayan gama makaranta yake, za ki ga tsohuwa 'yar shekara tamanin tana zuwa mitin duk wata tana biyan kuɗin ƙungiya. Duk abin da zan faɗa a ƙasa a kan ta farkon ne, wadda ake taƙaitawa AKA.

Ba ƙungiyar asiri ba ce irin ta jami'o'in Najeriya?

Wannan ita ce tambayar da ke hana iyaye barci, kuma ban ga laifinsu ba, wanda duk ya san abin da ƙungiyoyin asiri suka yi a jami'o'in kudu, kashe-kashe da sara da rantsuwar dare, dole gabansa ya faɗi in ya ji 'yarsa ta shiga wata ƙungiya mai alama da kirari. AKA tana da rajista da hukuma tun ranar 29 ga Janairu 1913, hedikwatarta na Shikago kowa ya san wurin, sunayen shugabanninta a fili suke, suna da mujalla da suke bugawa tun 1921, kuma memba ba ta ɓoye kanta, a jikin motarta ma za ki ga ta manna haruffan. Kamala Harris da ta zama mataimakiyar shugaban ƙasa a 2021 memba ce, ta shiga a Howard a 1986.

Toh amma gaskiya ɗaya ce, suna da abubuwan da ba sa nunawa bare. Bikin rantsar da sabbin shiga a rufe ake yi, akwai gaisuwa da kalmomi na tsakaninsu. Wannan ɓangaren shi ya kamata Musulma ta tsaya ta yi tambaya a kai, na yi maganarsa a amsar addini can ƙasa, haka kuma batun wahalar da sabbin shiga yana da tasa amsar daban.

Me ake nufi da reshe, kuma me ya sa reshen Washinton kike ta ambata?

Uwar ƙungiya tana tsara manufa, amma aikin hannu a reshe ake yinsa. Reshe iri biyu ne, na ɗalibai a cikin jami'a da na waɗanda suka gama a cikin gari, kuma na garin za ki gane shi da kalmar Omega a ƙarshen sunansa. Rassan sun haura dubu ɗaya, matan da suka taɓa shiga kuma sun haura 300,000.

A Washinton guda biyu ne suka fi tarihi. Reshen Alpha na cikin Howard, wanda shine tushen komai, sai Xi Omega na cikin gari da aka kafa a watan Disamba 1923. In kika bi manyan ayyukan da ƙungiyar ke alfahari da su a shekarun 1930 za ki tarar matan Xi Omega ne a gaba, malaman makaranta da likitoci da ma'aikatan jinya da ke tashi aiki su wuce mitin. Ni abin da ya ja ni kenan, mutane na kallon kalar kaya da rawa, alhali abin da ya riƙe ƙungiyar sama da shekara ɗari shine matan reshe da ba sa fashin aiki.

Su waye suka kafa ta tun farko?

Wata ɗaliba ce mai suna Ethel Hedgeman daga St. Louis ta kawo shawarar, ita da ƙawayenta takwas suka kafa ta ranar 15 ga Janairu 1908 a ɗakin kwanan mata na Miner Hall a Howard. Ki tuna lokacin fa, shekara arba'in da 'yan kai kacal da ƙare bauta a 1865, ita kanta Howard a 1867 aka buɗe ta, mace baƙar fata da ta taka jami'a a lokacin ana iya ƙirga su. Daga baya suka ƙara 'yan aji biyu su bakwai, sannan huɗu da suka tsaya kan rajista, jimilla ashirin, su ake kira lu'ulu'u ashirin, shi ya sa za ki ga membobi na son sarƙar lu'ulu'u a wuya.

Shugabar reshen ta farko Lucy Diggs Slowe ce, mace mai ban mamaki, ta ci gasar tanis ta ƙasa ta baƙaƙen fata a 1917, ta kuma zama shugabar kula da ɗalibai mata ta farko a Howard a 1922. Kalarsu ruwan hoda da kore mai haske, kamar dai ankonsu ne na dindindin. Alamarsu ganyen aibi, wani tsiro mai yaɗo da ke bin bango ya kama shi gam, rani da sanyi yana nan kore. In memba ta rasu ba sa cewa ta fita daga ƙungiya, sai su ce ta zama aibin da ya haura katanga, kuma suna zuwa jana'iza cikin fararen kaya su yi mata bankwana.

Aikinsu na farko ƙanana ne daidai ƙarfin ɗalibai, ɗinka kaya da 'yar tsana ga yaran da ke kwance a asibitin Freedmen's, koyar da yara, sannan taimakon baƙin da ke tahowa daga kudu da akwatinsu ba su san kowa ba a birni.

Da gaske ne sun taɓa rabuwa gida biyu?

Da gaske ne. A 1912 ɗaliban da ke reshen Alpha su 22 suka so a canza suna da kala da tsarin ƙungiyar, suna ganin ya kamata a fi shiga harkokin jama'a da na siyasa. Nellie Quander wadda ta riga ta gama karatu ta ƙi yarda, ta tattara tsofaffin membobi suka je suka yi rajistar sunan yanda ba mai iya taɓa shi. Su 22 ɗin suka fita suka kafa Delta Sigma Theta ranar 13 ga Janairu 1913, kuma ko wata biyu ba su yi ba suka shiga babban tattakin neman 'yancin zaɓe na mata a Washinton ranar 3 ga Maris, a lokacin da masu shirya tattakin ke so baƙaƙen mata su koma can baya.

Ni a ganina rabuwar ta zama alheri, dan kowacce ta dage ta nuna aikinta. Har yau akwai tsokana tsakaninsu, masu ja wato 'yan Delta da masu ruwan hoda, amma in aikin rajistar masu zaɓe ya taso tebur ɗaya za ki same su.

To shi Xi Omega me ya kawo kafa shi?

Buƙata ce kawai. 'Yan matan 1908 sun girma, sun zama malamai a makarantun baƙaƙen fata na Washinton, ba za su ci gaba da zama mitin da 'yan aji ɗaya a ɗakin kwanan ɗalibai ba, kuma yanzu suna da albashi da sanayya da za su iya abin da ya fi na da. Cikin waɗanda suka kafa reshen har da wasu daga lu'ulu'u ashirin ɗin, irin su Norma Boyd. Washinton ta lokacin gari ne na wariya, makaranta daban, asibiti daban, gidan abinci ba a barin baƙi su zauna, ga kuma majalisar dokokin ƙasa a bakin ƙofarsu. Wannan kusancin da majalisa shi ya bambanta su da sauran rassa, duba amsar siyasa.

Wane aiki ne mafi girma da matan reshen suka taɓa yi?

Aikin lafiya na Misisipi, kuma dan Allah ki karanta wannan a tsanake. Shugabar ƙungiyar ta ƙasa a lokacin Ida Jackson, malama ce a Kalifoniya amma haifaffiyar Misisipi, ta je garin Lexington a 1934 da niyyar horar da malaman karkara lokacin hutu, sai ta ga ai yaran da ake so a koyar ɗin ma ba su da lafiyar zama a aji. Iyayensu manoman auduga ne a gonakin fararen fata, a ba ka fili da iri bashi, in an girbe a raba, ƙarshen shekara ka tashi da bashi a kanka, yawancinsu ba su taɓa ganin likita ba tun haihuwa. Ta dawo ta faɗa wa taron ƙungiya, aka ware dala 1,000, aka ɗora aikin a kan Dakta Dorothy Ferebee ta reshen Xi Omega.

Da zafin 1935 suka kama hanya su goma sha biyu, likita da nas-nas da malamai, duk aikin sa kai ne a lokacin hutunsu. A motocinsu suka tafi sabida wulaƙancin wariya na jirgin ƙasa, a hanya ma gidan mai zai sayar musu da fetur amma ya hana su shiga banɗaki. Tsarin da suka zo da shi shine su buɗe ɗakunan shan magani a wurare ƙayyadaddu a gundumar Holmes mutane su zo, sai suka buɗe shiru ba kowa, ashe masu gonaki sun hana ma'aikatansu fita, suna tsoron baƙin nan masu ilimi daga arewa za su buɗe musu ido. Da wata ce da ta tattara kayanta ta koma gida ta ce an gwada. Su kuwa sai suka loda allurai da ƙanƙarar ajiye su a motoci suka bi gonakin ɗaya bayan ɗaya ta hanyoyin ƙura, a tsaya a wani ɗan coci na katako ko ajin makaranta ko gindin bishiya, a ɗaura igiyar shanya a rataye hotunan koyar da tsafta da abinci, a shimfiɗa farin ƙyalle kan tebur, a tafasa allura, iyaye su jero da yara. A wannan hutun kaɗai yara sama da 2,000 aka yi wa rigakafin mashaƙo da agana.

Daga shekara mai zuwa suka koma gundumar Bolivar, suka ƙara da duba manya, maganin maleriya da tunjere, duba haƙori, da nuna wa iyaye mata yanda za su haɗa abinci mai gina jiki da ɗan abin da ke hannunsu. Haka suka yi ta komawa duk shekara har yaƙin duniya na biyu ya kawo ƙarancin fetur da taya aikin ya tsaya a 1942, kuma mutanen da suka amfana sun kai kusan 15,000. Mu da muka san ma'aikatan rigakafi masu bin ƙauyuka da akwatin ƙanƙara a kafaɗa, wallahi labarin nan ba baƙo ba ne a wurinmu.

Ita wannan Dakta Ferebee wacece?

An haife ta a Norfolk ta jihar Bajiniya a 1898, ta yi karatu a Boston, ta gama likitanci a Tufts a 1924 cikin na gaba-gaba a ajinsu, amma asibitocin fararen fata suka ƙi ɗaukarta horo da zarar sun ga hotonta a takardar nema. Shine ta taho asibitin Freedmen's na Washinton ta zama likitar mata da haihuwa. Tun kafin Misisipi ta riga ta fara, dan an ba da labarin wani yaro da 'yan sanda suka kama ya ɗauki kwalbar madara a ƙofar wani gida zai kai wa ƙaninsa da ke kuka, uwarsu ta tafi aikatau ba mai kula da su. Ta je ta biya kuɗin madarar ta karɓo shi, da ta nemi gidan renon yara na unguwar su karɓi baƙaƙen yara suka ƙi, sai ta tara kuɗi ta buɗe nata a kudu maso gabashin birnin a 1929. Ta shugabanci AKA ta ƙasa daga 1939 zuwa 1941, ta rasu a 1980.

Suna shiga siyasa ne?

Ba sa tsayar da ɗan takara da sunan ƙungiya, amma bin kadin dokoki kam tun da daɗewa. Norma Boyd da na ambata a amsar kafa reshen, malamar lissafi ce a makarantun gwamnati na Washinton, ita ce a 1938 ta fara da reshen Xi Omega ta kafa wani kwamiti mai ofis da ma'aikaci wanda aikinsa kullum shine zuwa majalisa, karanta ƙudurori, da sanar da rassa abin da ake shirin yi musu. Sun matsa kan dokar hana kisan gilla da gungun fararen fata ke yi wa baƙaƙe, kan samun aikin gwamnati, gidaje, da ɗaukar baƙaƙen mata aikin soja da jinya lokacin yaƙi. Uwar ƙungiya ta karɓi aikin ya zama na ƙasa, har Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba su kujerar 'yan kallo a 1946, sannan a 1948 aka faɗaɗa shi aka haɗa da sauran ƙungiyoyin maza da mata.

Yau abin da za ki fi gani shine teburin rajistar masu zaɓe a bakin kanti ko coci, da motocin kai tsofaffi rumfar zaɓe. Dan su zaɓe ba abin wasa ba ne, an ba mata 'yancin a 1920 amma kakanninsu na kudu sai bayan dokar 1965 suka samu jefa ƙuri'a ba tare da tsangwama ba.

Wannan duk tarihi ne, yanzu me suke yi?

Duk shugabar ƙungiyar ta ƙasa da ta hau tana zuwa da shirin shekara huɗu, rassa su aiwatar a unguwanninsu. Daga 2018 zuwa 2022 lokacin Glenda Glover sun sa ranar da suke tara dala miliyan ɗaya cikin kwana ɗaya dan jami'o'in baƙaƙen fata, suka kuma fito da motar gwajin kansar nono kyauta mai zagaya garuruwa. Wadda ta gaje ta, Danette Anthony Reed, ta zo da shirin abincin ƙarshen mako na yara, kuma a 2023 suka buɗe bankin haɗin gwiwa na membobinsu. Shi Xi Omega yana da ginin kansa a titi na 14 da gidauniyar da ke ba 'yan sakandaren birnin tallafin shiga jami'a duk shekara.

Shirin abincin shi na gani da idona a wani reshe na gundumarmu. A nan yaran talakawa a makaranta suke karin kumallo da abincin rana kyauta, to Asabar da Lahadi fa? Wata maƙwabciyata ta ja ni wata safiyar Asabar da sanyi, zauren cin abincin wata firamare, tebura a jere, kwali-kwali na madara da taliya da gwangwanin wake da tuffa da man gyaɗa, kowa ta ɗauki jaka ta bi layi tana sakawa ɗaya ɗaya. A ƙarshen layin akwai wata dattijuwa a zaune kan kujera da sandarta a jingine, rigar sanyi ruwan hoda duk ta koɗe, ita ke buɗe kowace jaka ta duba, in ta ga babu tuffa ta mayar da ke baya, ba ruwanta da ko ke lauya ce ko shugabar makaranta. Aka ce min tun shekarun 1960 take ƙungiyar. Jakunkunan ba a rubuta sunan yaro, malamai ne ke saka su cikin jakar makaranta ranar Juma'a a ɓoye dan kar a kunyata kowa, wannan ya taɓa min zuciya sosai.

Kuɗin duk wannan daga ina, kuma nawa ake biya?

Mafi yawa daga aljihun membobi. Akwai kuɗin shiga na farko wanda yana da nauyi, ya kan kai dala dubu ko fiye, sai kuɗin shekara na uwar ƙungiya da na reshe, ga tikitin liyafar tara kuɗi, ga tafiya babban taro da ake yi duk shekara biyu, ga kayan kala. Ɗalibar da iyayenta ke canza naira suna turo mata ta zauna ta yi lissafi da su tukuna, kar a shiga a zo ana jin kunya. Masu suka na cewa ƙungiyar ta masu hali ce, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki, tun asali ta matan da suka yi jami'a ce. Sai dai kuɗin tallafin karatun da nake faɗa a amsar da ta gabata daga waɗannan liyafofin yake fitowa, kuma uwar ƙungiya na da gidauniyar ilimi tun 1980 da ke ba ɗalibai ko ba membobi ba ne.

Musulma za ta iya shiga?

A ƙa'idarsu ba a hana kowa sabida addini ko launin fata, kuma akwai Musulmai a ciki har masu hijabi. Amma ki sani ƙungiyar ta taso ne cikin al'ummar da coci ne ginshiƙinta, ana buɗe taro da addu'a irin tasu, suna da waƙar ƙungiya mai kama da ta coci, wasu tarukan ma a coci ake yi, ga rantsuwar shiga da ba za ki ga kalmominta ba sai ranar. Ko cikin Kiristoci akwai waɗanda suka fita sabida wannan. Shawarata 'yar uwa, ki samu memba Musulma ki tambaye ta kai tsaye ko akwai durƙuso ko wata kalma da ta saɓa wa tauhidi da yanda ita ta yi, sannan ki kai wa malamin da kika yarda da iliminsa wanda ya san zaman Amurka. Batun liyafa mai giya da cakuɗuwa da rawar fili shi ma ki sa a ma'auni, reshen ɗalibai ya fi yawan wannan, na manya ya fi natsuwa.

In zuciyarki ba ta kwanta ba akwai ƙungiyoyin da Musulmai mata suka kafa a kan wannan tsari, Gamma Gamma Chi tun 2005, da Mu Delta Alpha da ta fara a jami'ar Texas ta Dallas. Ƙanana ne, ba kowace makaranta ke da su ba.

Ance ana azabtar da sabbin shiga, gaskiya ne?

Ya faru kuma yana faruwa a wasu wurare, ba zan rufe ba. Duka, hana barci, aike na wulaƙanci, har an taɓa rasa rayuka a ƙungiyoyin maza da na mata. Ƙungiyoyin baƙaƙen nan sun soke tsohon tsarin gwajin sabbin shiga a 1990, yawancin jihohi sun mai da shi laifi, kuma a Disamba 2024 aka sa hannu kan dokar tarayya da ta tilasta wa jami'o'i bayyana irin waɗannan laifuka. Amma wasu 'yan mata na yi a ɓoye da sunan wai haka aka yi mana. Iyaye ku gaya wa yaranku, duk wadda ta ce a haɗu da dare a wani gida, a miƙa waya, kar a faɗa wa kowa, wannan ba hanyar ƙungiya ba ce, ta juya ta tafi ta kai ƙara ofishin kula da ɗalibai. Kafin ma ta nuna sha'awa ta duba ko an taɓa dakatar da reshen makarantarsu, jami'o'i na wallafa wannan.

Suna da alaƙa da Afirka?

Suna da ita. Zeta Phi Beta ce ta fara buɗe reshe a Monrobiya ta Laberiya a 1948, AKA ta buɗe nata can a 1958, kuma tsohuwar shugabar Laberiya Ellen Johnson Sirleaf membar AKA ce. A 2021 AKA ta buɗe reshe a Legas. Ta ɓangaren maza kuwa Nnamdi Azikiwe da Kwame Nkrumah duk sun shiga Phi Beta Sigma lokacin da suke karatu a Amurka, shi Azikiwe ma ya zauna a Howard ɗin.

'Yata na so ta shiga, ko ni ina so in taimaka ba tare da na shiga ba, ya za a yi?

Ɗaliba sai ta kammala aƙalla zangon karatu ɗaya da maki mai kyau, a makarantar da ke da reshe, kuma su za su sanar da lokacin ɗauka a hukumance. Ana duba aikin sa kai da ta riga ta yi, dan haka wadda ba ta taɓa zuwa ko raba abinci ba ta fara daga nan. Wadda ta gama digiri kuma ba ta nema da kanta, gayyata ake yi, sai membobin reshen sun san ta sun ga aikinta. Hajiya in 'yarki ce, ki ce ta karanta amsoshin addini da kuɗi da na azabtarwa tare da ke a waya, ku yi maganar a buɗe, ya fi ta shiga a ɓoye.

Taimako kuwa ba ya buƙatar zama memba. Ranar haɗa jakunkunan abinci, ranar gwajin lafiya kyauta, tattara rigunan sanyi da takalma, duk a buɗe suke ga kowa, ranar hutun Martin Luther King a watan Janairu ma kusan kowane reshe na da aikin da yake neman hannu. Ki je da wuri, ki sa takalmi mara tsini dan tsayuwa ce ta awa uku ko huɗu, kuma in kina da 'yar sakandare a gida ki tambayi teburin karɓar baƙi takardar neman tallafin karatu, yawanci tsakanin Janairu da Maris ake rufewa.